Ruwan kwamin ninƙaya na gidanmu yana sauka kullum: a ɓamɓare tayil ko da sauran dabara?

Maman_Walid:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. A gidanmu na gado da ke Unguwar Rimi a Kaduna akwai kwamin ninƙaya da marigayi mahaifinmu ya gina a 1983. Tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5, zurfi daga mita 1 zuwa kusan 2, na kankare ne mai ƙananan tayil shuɗɗa. Tun shigowar hunturun nan ruwan yake sauka, kusan santimita 3 kowace rana, da rula na auna. Kullum sai an tayar da sumo, injin rijiyar burtsatse, an ƙara ruwa, kulorin ba ya zama, ruwan har ya fara kore. Wani birkila ya zo, ko minti goma bai yi ba ya ce a kwashe ruwan, a ɓamɓare tayil duka, a sake filasta. Kuɗin da ya yanka sun fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Yayyena maza sun ce a cike shi da ƙasa a huta. Ni kuwa zuciyata ta ƙi, domin duk bazara a cikinsa nake koya wa 'yan mata da matan aure iyo, gida ne mai katanga, babu idon namiji. Don Allah wa ya taɓa fama da irin wannan?

Dan_Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Anya ba hunturu ba ne kawai? Iskar nan ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe ƙarau. Ni ina ganin ki jira damina ki gani.

InjiniyanRuwa_KD:
Hajiya, kafin kowa ya ɗora guduma a kan tayil ɗin nan, a fara da lissafi. Faɗin saman ruwanku murabba'in mita 50 ne. Duk milimita ɗaya da ya sauka, lita 50 ke nan. Santimita 3 kuwa lita 1,500 ce a rana, wato jarka 60 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Dan_Kawo yana da gaskiya ta wani gefen, busasshiyar iskar hunturu tana shan ruwa sosai, amma ba ta shan santimita 3. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da za ki yi, kuma ko sisi ba zai ci ba. Ki cika kwamin zuwa inda ya saba tsayawa. Ki sami bokitin roba, ki zuba masa ruwan kwamin, ki sa dutse a ciki don kada ya kife, ki ajiye shi a kan matakala ta biyu yadda ruwan ciki da na waje za su yi kusan daidai. Ki manna salatif a ciki da waje, ki ja layi da alƙalamin maka a bakin kowane ruwa. A kashe injin da ke zagaya ruwan kwamin yana tace shi, kada kowa ya shiga, kada a ƙara ruwa, sai bayan awa 24 ki auna. Abin da bokiti ya rasa, rabon iska da rana ne. Abin da kwami ya rasa fiye da na bokiti, shi ne yoyon. Washegari ki sake cikawa ki maimaita, amma wannan karon inji yana aiki. Ki kawo mana lambobin nan huɗu.

Baba_Fulamba_Panteka:
Injiniya ya gama magana. Shekarata talatin da wani abu ina aikin famfo a garin nan, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne a fasa kafin a nemo. Duk wanda ya ce miki a sake filasta alhali bai leƙa ɗakin inji ba, bai san inda ruwan ke bi ba, hasashe yake yi da kuɗinki. 'Yata, je ki ɗakin inji yanzu ki duba min abu ɗaya. A saman tankin yashin nan da ke tace ruwa akwai bawul mai hannu da ake juyawa. Daga jikinsa akwai fayif ɗin da ke zubar da dattin ruwa waje in ana wanke yashin. Ki bi shi har inda ya ƙare, ko kwata ko lambu. In inji yana aiki, hannun yana kan tacewa, bai kamata ko ɗigo ya fito ta nan ba. In kin ga ruwa yana zurara, to robar cikin bawul ɗin ce ta cinye, wata roba ce mai kama da ƙafafun gizo-gizo. Sau da yawa ita ce ɓarauniyar.

Ummu_Haidar:
Allah ya saka miki da alheri kan koyar da matan nan. 'Yata ta biyu tana tsoron ruwa ƙwarai, in Allah ya kai mu bazara zan neme ki. Don Allah kada a cike shi.

Malam_Tudunwada:
Ni fa ba na ƙin gyara, amma a faɗi gaskiya. Jarka 60 a rana tana tafiya cikin ƙasa, alhali a unguwarmu mata da yara suna bin layi da bokiti tun asuba. Addini ya hana almubazzaranci ko da a alwala ne. In ba za a iya tsayar da yoyon nan da wuri ba, gara a daina ƙara ruwa har sai an gyara.

Maman_Walid:
Malam, wallahi abin da ke hana ni barci ke nan, ba kuɗin kaɗai ba. Akwai famfo a jikin katangarmu ta waje da maƙwabta ke ɗiba tun zamanin Baba, kuma rijiyar burtsatse ɗaya ce ke ba mu duka. Na karɓi shawararka, bayan gwajin bokiti ba zan ƙara ko ɗigo ba.

KifiDaRiba:
Hajiya ki mai da shi kwamin tarwaɗa kawai. Wuri mai girman nan zai ɗauki kifi da yawa, wata huɗu zuwa shida kin kwashe kin sayar. Ni a Kinkinau da tamfol nake yi, ina ma in sami irin naku.

Abban_Hanifa:
KifiDaRiba, kwamin da ke yoyo ko kifi aka zuba yoyon zai ci gaba da yi, ga shi tarwaɗa sai ana sauya mata ruwa a kai a kai. Ka ƙara wa maganar Malam_Tudunwada nauyi ke nan. Kuma baiwar Allah ta faɗi dalilinta. Duk damina sai an ji labarin yaran da kogin Kaduna ya ci, galibi don ba su iya ruwa ba. Yarinyar da ta koyi iyo a gidan nan, gobe ita ce uwar da za ta koya wa 'ya'yanta.

Maman_Walid:
Na dawo da sakamako. Ranar farko, inji a kashe: bokiti ya sauka milimita 8, kwami 21. Rana ta biyu, inji ya yi kamar awa goma yana aiki, da wuta da janareta: bokiti 8, kwami 33. Baba_Fulamba, na bi fayif ɗin da ka ce. Ashe ta bayan ɗakin mai gadi yake fita, cikin ayaba. Ruwa ne yake zuba kamar an bar famfo a ɗan buɗe, ƙasar wurin ta jiƙe sharkaf, ayabar ta yi kore shar a tsakiyar hunturu. Shekara nawa muna yaba ayabar nan!

InjiniyanRuwa_KD:
Madalla. Yanzu muna da abin kamawa. Iska tana ɗaukar milimita 8, wato lita 400, wannan ba yoyo ba ne. In inji a kashe, akwai ƙarin milimita 13, lita 650 ke nan. In yana aiki, ƙarin ya zama 25, lita 1,250. Ma'ana ɓaraka biyu ce aƙalla. Ɗaya tana ɓangaren da inji ke tura ruwa, ita ce Baba ya gano tun daga Panteka bai zo gidan ba. Ɗayar kuma ba ruwanta da inji, tana jikin kwamin ko a wani fayif da ke ƙasa da bakin ruwa.

Don amfanin masu karatu: in ruwa ya fi sauka lokacin da inji ke aiki, a nemi matsalar daga inji zuwa bakunan da ke dawo da ruwa cikin kwami. In ya fi sauka lokacin da inji ke kashe, kuma ana ganin kumfar iska a murfin injin ko tana fitowa daga bakunan, to ɓangaren da ke zuƙo ruwa ne ya fashe, domin sa'ad da inji ke ja, iska ce ke shiga ta wurin maimakon ruwa ya fita. In duk ɗaya ne, a duba jikin kwamin.

Baba_Fulamba_Panteka:
To alhamdu lillahi. Ki sa a kashe inji, a kwance saman bawul ɗin, a ciro robar a tafi da ita kasuwa a hannu, domin girmansu ya bambanta. In ba a samu a nan ba, masu kayan kwamin ninƙaya a Abuja suna da ita, ko a sauya kan bawul ɗin gaba ɗaya. Kuma ki ja wa mai kula da wurin kunne: ba a juya hannun nan inji yana aiki. Abin da ke yaga robar ke nan. A kashe, a danna hannun, a juya, sannan a kunna.

Sadauki_Barnawa:
Saura na jikin kwamin. Ni shawarata a zuƙe ruwan tas a shiga a duba da ido, gani ya kori ji.

TsohonManajanOtal:
A'a, Sadauki, kada ka sa ta yi abin da za ta yi da-na-sani. Na yi shekara goma sha ɗaya ina kula da wani otal a garin nan, kuma da idona na ga abin da kwashe ruwa ke yi. A watan Agusta ne, tsakiyar marka, aka zuƙe namu don a yi fenti. Ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kwamin kuma ya zama kamar kwalekwale babu kaya. Kwana uku, ɓangaren mai zurfi ya ɗago, daɓen gefe ya dare, fayif biyu suka karye a ƙarƙashi. Gyaran da ya kamata ya ɗauki mako sai da ya ci wata biyar. Nauyin ruwan ciki shi ke danne kwami a ƙasa. Naku, Hajiya, zai kai tan 70 ko fiye in ya cika, kin ga ba ƙaramin abu ake cirewa ba.

Na san yanzu rani ne, haɗarin ya ragu, amma Unguwar Rimi da Malali da Kabala duk akwai sassan da ke kusa da kogi, ruwan ƙasa bai da nisa. In akwai tsohuwar rijiya a maƙwabta ki leƙa ki ga inda ruwanta yake. Ban da haka ma, tsohon tayil da ya shekara arba'in a cikin ruwa, in ya sha rana da sanyin dare sai ya riƙa ɓallewa da kansa. Kuma busasshen kwami ba ya nuna yoyo. Ruwan shi ne zai kai ki wurin.

Sadauki_Barnawa:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Ban san da wannan ba.

InjiniyanRuwa_KD:
Hakan ne. Hajiya, tunda kin riga kin yi alkawarin daina ƙara ruwa, ki bar shi ya yi ta sauka da kansa, inji a kashe, kina ja masa layi kowace safiya. Inda ya tsaya, ko inda saukarsa ta koma daidai da ta bokiti, a wannan layin ramin yake. In ya tsaya a ƙasan bakin nan mai murabba'i da ke shan ganye da ƙurar saman ruwa, to mahaɗar robarsa da kankare ce ta rabu, wuri ne da ya saba tsagewa don roba da siminti ba sa motsi tare a zafi da sanyi. In ya wuce nan ya tsaya a bakunan dawo da ruwa, su ne. In a fitilar cikin ruwa da ke jikin bango ya tsaya, fitila ce. In ya wuce duka yana ci gaba, kada ki bari ya wuce rabi, matsalar tana ƙasa.

Ummu_Haidar:
Don Allah a kulle ƙofar wurin da kwaɗo muddin ruwan yana ƙasa. In yaro ya faɗa, hannunsa ba zai kai baki ba balle ya kama ya fito. Rabin ruwa ya fi cikakke haɗari ga yaro.

Dan_Kawo:
Na ji ana cewa ana zuba kala a ga inda take bi. Bular wanki ba za ta yi ba? Ita ce mai araha.

Hajjo_MaiKek:
Bula tana kama farin simintin da ke tsakanin tayil, kuma a kwami mai shuɗin tayil ina za ka gan ta? Ku sayi jar kalar kek ta ruwa, wadda muke sa wa a kwaɓi, ana samunta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wurin masu kayan kek. Ba ta da illa, kuma kulorin zai cinye ta daga baya. A gidan yayata da ita aka yi. A zuƙa a sirinji marar allura, a kashe inji, a bari ruwa ya kwanta lamɓas, mutum ya matso a hankali ya ɗan matsa kaɗan dab da inda ake zargi. In akwai rami za ka ga kalar ta miƙe kamar zare tana shigewa. In babu, sai ta tsaya tana yawo kamar hayaƙi. Sirrin shi ne kada mai yin ya motsa ruwan da jikinsa.

Maman_Walid:
Jama'a an sauya robar bawul, ayaba ta daina samun rabonta. Ruwan kuma ya yi kwana tara yana sauka, ya wuce bakin shan ganye, ya wuce bakunan dawo da ruwa, yanzu ya kai saman fitila sai saukar ta ragu sosai. Jiya da azahar, da rana ta ɗan yi zafi, na shiga da kaina da kalar Hajjo. Sanyin ruwan ba a magana. A gefen fitilar kalar ta shige kamar ana jan ta. Na kuma ga wata tsaga siririya a bango ta wajen bishiyar mangwaro, na matsa kala a kanta sau uku, ba ta shiga ba.

Lantarki_Kakuri:
Hajiya tsaya! Kafin kowa ya sake taɓa fitilar nan, a kashe wutarta daga babban allo, ba daga makunnin bango kaɗai ba, a kuma tabbatar janareta ba zai ba ta wuta ba. Ginin 1983 ne, wasu na wancan lokacin wutar gida ake kai musu kai tsaye. Ki sa mai aikin wuta ya duba ko akwai taransifoma mai sauke ta zuwa bolt 12. In babu, wannan ya fi yoyon gaggawa, ga shi yara ne ke shiga.

Yoyon kansa kuwa, ba gilashin fitilar ba ne. Fitilar tana zaune ne a wani gurbi cikin bango, a bayan gurbin akwai siririn bututu da waya ke bi ta fita zuwa akwatin haɗi. Bututun ne ke karyewa a cikin ƙasa in ya tsufa, ruwa ya bi ta nan. Ba sai an haƙa ba. A kwance fitilar, tana da rarar waya da za a ɗora ta a bakin kwami, a toshe bakin bututun kewaye da wayar.

Baba_Fulamba_Panteka:
Da gam ɗin nan mai haɗi biyu da ake murzawa a hannu kamar tuwo, akwai wanda ke kamawa a cikin ruwa. A kankare wurin da burushi tukuna, in akwai gansakuka ba zai kama ba.

Lantarki_Kakuri:
Baba, da girmamawa, in aka cika shi da wannan ya zama dutse, ranar da za a sauya waya sai an sha wuya. Na fi son roba mai danƙo da ba ta ƙanƙarewa, ko toshiyar roba mai ramin waya. In kuma ba a amfani da fitilar da dare, tunda Hajiya da rana take koyarwa, a zare wayar gaba ɗaya a toshe bututun dindindin. Ba wuta, ba yoyo.

Baba_Fulamba_Panteka:
In za a cire wayar, to mun haɗu. Amma in za a bar ta, ni dai abin da na gani ya daɗe shi ne gam ɗin. Kowa da inda ya ga rana.

Abban_Hanifa:
Mangwaron nan fa? Mu a Malali saiwar dalbejiya ce ta shiga fayif ɗinmu ta cika shi tam. Ni da za a bi ta tawa a sare shi.

InjiniyanRuwa_KD:
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Galibi saiwa danshi take bi, sai ta tarar da mahaɗar da ta riga ta fara tsiyaya sannan ta shiga ta buɗa ta. Kada a sare bishiyar da ta shekara arba'in a kan zato. Tsagar da ba ta jan kala a bar ta, a dai ja layi a ƙarshenta biyu da fensir a rubuta kwanan wata, a ga ko tana tsawo. In wata rana ta fara ja, sai a buɗa ta da giranda a yi mata baki mai faɗi, a cika da siminti mai saurin kamawa da ake toshe ruwa da shi, a mayar da tayil na wurin kaɗai. Shafa siminti a saman tsaga ba ya daɗewa. Kuma a sani, tayil ado ne da sauƙin wanki, ba shi ke riƙe ruwa ba, kankaren da filastar bayansa ne. Shi ya sa maganar birkilan farko ba ta kama hankalina ba.

TsohonManajanOtal:
Wani abu da na manta. A daina jefa ƙwayar kulorin a cikin bakin shan ganye. Tana da tsami ƙwarai, in inji ya tsaya sai tsamin ya taru a wuri ɗaya ya ci roba da simintin wurin. A sa ta a 'yar robar da ke yawo a saman ruwa. Awon tsamin ruwan kuma, wato pH, a riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.6, in lambar ta yi ƙasa da haka tsamin ya yi yawa, yana cinye farin simintin tsakanin tayil a hankali.

Maman_Walid:
Allah ya saka wa kowa. Mai wuta ya zo, babu taransifoma, jikina har rawa ya yi da na tuna yaran da suka shiga ruwan nan. An zare wayar, an toshe bututun. Mun cika kwamin, na sake gwajin bokiti kwana biyu inji yana aiki: bokiti 8, kwami 12, duka ranakun. Daga 33 zuwa 12. Yayana babba ya zo ya gani, ya daina maganar cikewa. Amma milimita 4 ɗin nan fa? Lita 200 ce in na bi lissafin Injiniya.

Dan_Kawo:
Haba Hajiya, wannan ai iska ce. Bakin bokiti yana kare ruwan ciki daga iska, kwami kuwa a fili yake. Ni na ce a bar shi haka.

Malam_Tudunwada:
Jarka takwas ce a rana, Dan_Kawo. Gida guda ne zai yi girki da wanka da ita. In akwai hanyar tabbatarwa, a tabbatar.

InjiniyanRuwa_KD:
Dukanku kuna da hujja. Bambancin milimita ɗaya ko biyu yana iya zama na iska ko na karatun rula, huɗu kuwa ya ɗan yi yawa. Ki maimaita da bokitin a cike kusan baki, sau ɗaya inji a kashe. In bambancin ya ɓace da inji a kashe, sai a gwada fayif ɗin dawo da ruwa: a toshe bakunansa, a tura ruwa da ɗan famfon hannu mai geji, wato agogon awon matsi, har allurarsa ta kai bar 1 ko 1.5, a zuba wa allurar ido rabin awa. In ta sauka, layin ya fashe. Da ruwa za a gwada, kada a yarda wani ya kawo injin ba taya iska, fayif ɗin roba in ya fashe da iska tarwatsewa yake yi.

Baba_Fulamba_Panteka:
Ni zargina yana ƙasa. A magudanar tsakiyar wurin mai zurfi, wasu tsofaffin kwamaye suna da ɗan bawul da ke buɗewa in ruwan ƙasa ya taso. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale masa, ko robarsa ta tsufa, haka zai yi ta tsiyaya a hankali. Sai wanda ya iya nutso ya sauka da kalar Hajjo.

Maman_Walid:
Nutso ba matsala ba ne, Baba, ni zan sauka, ƙanwata tana tsaye a baki. Sai dai mita biyu a wannan sanyin, zan jira ranar da hazo ya ɗaga. Gobe zan fara da gwajin inji a kashe. Injiniya, famfon hannun mai geji, haya ake bayarwa ko sai an saya? Kuma Baba, murfin magudanar da sukurori huɗu yake, duk sun yi tsatsa, in kalar ta shiga ta nan da me zan kwance su a cikin ruwa?